Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Kogon Sof Umar na Ƙasar Habasha

Zuwa ga Hukumar Kula da Kayan Tarihi ta Ƙasar Habasha da Hukumar Al'adu da Yawon Buɗe Ido ta Jihar Oromiya, ta hannun ofishin jakadancin Habasha da ke Abuja.

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da al'ummar da kuke yi wa hidima, ni malamin ilimin duwatsu ne daga Sakkwato, a arewacin Najeriya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kogon Sof Umar da ke yankin Bale. Na san wani zai ce ina ruwan Basakkwace da kogon da ke can kudu maso gabashin Habasha. Ai kuwa da ruwanmu. Babu ɗalibin Islamiyya a ƙasar Hausa da bai san sunan Habasha ba tun kafin ya san inda take a taswira, saboda labarin Sarki Najashi da ya karɓi sahabban Manzon Allah (SAW), ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya hana kowa taɓa su. Yau kuma jirgin Ethiopian Airlines yana kwasar 'yan kasuwarmu da masu zuwa Umra daga Kano, su yada zango a filin jirgin Bole na Adis Ababa, su wuce Jidda ko Dubai ko Guangzhou. Mafi yawansu ba su taɓa jin cewa ƙasar da suke sauya jirgi a cikinta tana da wani kogo mai ɗauke da sunan bawan Allah Musulmi ba, kogon da kogi sukutum ke shiga cikinsa ya ɓace, sai can gaba ya sake ɓullowa. Shi ya sa na rubuta wasiƙar a fili, da Hausa, don su ma su karanta.

Labarin da ke iso mana shi ne gwamnatinku ta juyo da hankalinta kan Bale. Mun ga wuraren shaƙatawa da aka gina a Wonchi da Gorgora, mun ji yadda UNESCO ta sa gandun tsaunukan Bale cikin jerin wuraren gado na duniya a 2023, yanzu kuma ana maganar hanya da masaukin baƙi a kusa da Sof Umar. Na yi murna da wannan har cikin zuciyata. Mutanen da ke zaune a bakin kogon nan sun cancanci hanya mai kyau da asibiti da aikin yi kamar kowa. Sai dai akwai aikin da ya kamata ya riga siminti da fitilu isa wurin, kuma shi ne roƙona gare ku: ku rubuta abin da dattawan wurin suka sani game da kogon, sunayen zaurukansa da labaransa da halin ruwansa, daga bakinsu kuma da harshensu, sannan ku zaunar da su cikin masu yanke shawarar abin da za a taɓa da abin da za a ƙyale.

Ku yi mini afuwa in ɗan yi bayanin da ku kun riga kun sani, saboda masu karatu na gida. Dutsen da kogon yake ciki dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina nan gefen Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Malbaza a Nijar, ana yin siminti da shi. Asalinsa ƙasan teku ne. Ɓawon ƙananan halittun ruwa da ƙasusuwansu suke taruwa, su danne juna, su daskare su zama dutse. Namu na Kalambaina bai wuce shekara miliyan 60 ko kusa da haka ba, tun lokacin da wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take yanzu. Na Bale ya girme shi nesa ba kusa ba, domin tun zamanin Jurasik ya kwanta, fiye da shekara miliyan 145 ke nan. Can daga baya aman wutar duwatsu ya malalo ya lulluɓe shi da baƙin dutse mai tauri, wanda shi ne shimfiɗaɗɗen tudun da matafiyi ke bi a yau idan ya taso daga garin Robe na Bale ta hanyar Goro, tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa gabas.

Dutsen farar ƙasa yana da rauni guda. Ruwan sama idan ya sauko yakan haɗu da iskar kabon da ke sararin sama da wadda ke cikin ƙasa, sai ya ɗan yi tsami, tsamin da harshe ba zai ji ba amma dutsen yana ji. A hankali yake narkar da shi. Kuma kamar yadda muke cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dutsen Sof Umar yana da tsagogi kashi biyu, wasu sun miƙe kudu da arewa, wasu gabas da yamma, suna gittar juna. Ta nan kogin Weyib ya samu hanya. Wannan kogi daga tsaunukan Bale yake gangarowa, inda ƙololuwar Tullu Dimtu ta haura mita 4,300, ya yanka kwazazzabo ya huda baƙin dutsen sama har ya cim ma farin da ke ƙasa. A da yakan yi wata doguwar kwana ya zagaye wani tudu. Da ya samu tsaga sai ya fara yanke ta cikin dutsen, tsagar ta yi ta faɗi, har ranar da ruwan gaba ɗaya ya koma bi ta ƙarƙashi ya bar tsohuwar hanyarsa a bushe. Busasshen kwarin yana nan har gobe, ana tafiya a cikinsa da ƙafa. Kogin yana shiga ta ƙofar Ayyo Makko, ya fito ta Holuka, tazarar kusan kilomita ɗaya. Amma a tsakanin ƙofofin nan biyu ruwan ya sassaƙa hanyoyi da lunguna da zauruka da aka auna tsawonsu ya kai kilomita 15.1, da ƙofofi 42, waɗanda huɗu kaɗai aka saba shiga ta cikinsu. Daga Holuka ruwan yana ci gaba ya haɗu da kogin Ganale, ya zama Juba a Somaliya, ya faɗa teku kusa da Kismayo.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mai koyar da wannan fanni shi ne ginshiƙan. A yawancin kogunan farar ƙasa na duniya, abin kallon shi ne abin da ɗigon ruwa ya gina. Ruwa yana tsattsafowa daga rufi, kowane ɗigo ya bar ɗan ƙwayar ma'adini, wani tsini ya reto daga sama, wani ya taso daga ƙasa, bayan dubban shekaru su haɗe. Irin wannan gini yakan ɗauki shekara 1,000 kafin ya ƙaru da kimanin santimita 10. Kuna da irinsu a kogunan Mechara na yammacin Hararge, inda Farfesa Asfawossen Asrat da abokan aikinsa suka yi nazarinsu suka karanto tarihin damina da fari na ƙarnoni daga layukan da ke cikinsu. Ginshiƙan Sof Umar ba haka aka same su ba. Su ragowar dutsen ne na asali, wanda kogi ya cinye abin da ke kewaye da shi ya bar shi tsaye yana riƙe da rufi. Shi ya sa suke da kauri a sama da ƙasa, da siririn ƙugu a tsakiya inda ambaliya ta fi gurzawa, jikinsu sumul, da baka-baka a tsakaninsu. A zauren da ya fi shahara ginshiƙan sun taru a tsakiya sun cunkushe, hanya ta kewaye su ta koma bakin kogi. A wani wurin kuma ruwan yana tafiya cikin miƙaƙƙen soro mai tsawon kusan mita 300, faɗinsa mita 15, tsayinsa mita 20, bangonsa a tsaye kamar magini ne ya sa ma'auni. A can saman tudu akwai wani wawakeken rami mai faɗin kusan mita 100 da zurfin mita 60, inda rufin wani zaure ya rufta. Wannan ramin ina so injiniyoyinku su je su tsaya a bakinsa kafin su zaɓi inda za su kafa harsashin kowane gini, domin shi ne shaidar cewa ƙasar da suke takawa a wurin ba cikakkiya ba ce, akwai holoƙo a ƙarƙashinta.

Duk alƙaluman nan da na kawo, baƙi ne suka auno su, kuma ba zan rage musu komai daga yabon da suka cancanta ba. Likitan Amurka Arthur Donaldson Smith ya biyo ta wurin a 1894 a hanyarsa daga Barbara, a gaɓar tekun ƙasar Somali, zuwa tafkin da yanzu ake kira Turkana. Italiyawa sun zo a 1913. A 1967 Eric Robson da Chris Clapham da Kabir Ahmed suka auna kilomita 8. A 1972 wata tawagar Ingila ta kammala awon har ya kai 15.1, a lokacin babu kogon da aka sani ya kai shi tsawo a duk Afirka, kafin a gano waɗanda suka fi shi a Aljeriya da Madagaska. Mutane ne da suka yi rarrafe cikin laka da duhu, da fitila a goshi da igiyar awo a hannu, kuma taswirar da suka bari ita ake amfani da ita har yanzu.

Amma ku ɗauko taswirar ku karanta sunayen da ke kanta. Safari Straight. Chamber of Columns. Railway Tunnel. Clapham's Climb. Wembley Fault. Wembley fa filin ƙwallo ne a Landan. Shi Donaldson Smith ma kogon gaba ɗaya ya raɗa wa suna Wyndlawn, sunan gidansu na hutu a kusa da Filadelfiya, kamar ya tarar da wurin ba shi da suna. Allah ya sa wannan bai bi shi ba, domin mutanen wurin sun ci gaba da kiransa da abin da iyayensu suka kira shi. Sauran sunayen kuwa sun zauna daram, saboda su aka rubuta, su aka buga, su ke cikin littattafan jagorar matafiya da intanet. Ban ce a goge su ba, masu binciken koguna na duniya da su suka san wurin. Abin da ke damuna shi ne akwai taswira ta biyu, wadda ba ta kan takarda. Tana cikin kawunan tsofaffin ƙauyen Sof Umar da masu hidimar wurin da masu ziyara da ke zuwa tun kaka da kakanni. Su suka san inda ake cewa nan Shehu Sof Umar ya yi sallah, nan ya zauna da almajiransa, nan 'yarsa ta zauna, nan ake tsayawa a yi addu'a, nan ba a wucewa idan ruwa ya canza launi. Duk tsohon da aka kai makwanci daga cikinsu, wani yanki na taswirar nan aka binne tare da shi.

Ga abin da ake ruwaitowa. Sof Umar malami ne kuma waliyyi da ya rayu a yankin ɗaruruwan shekaru da suka wuce, mutanen Bale suna danganta shi da Shehu Husaini, babban waliyyin da hubbarensa ke Dirre, wanda ake kuma kira Anajina, inda dubban mutane ke zuwa ziyara sau biyu a shekara, suna riƙe da sanduna masu baki biyu, suna rera waƙoƙin yabo da ake kira baaroo. Ana cewa Allah ne ya buɗe wa Sof Umar dutsen, ya shiga ya mayar da shi wurin ibada da karantarwa da mafaka, tare da 'yarsa, wadda babbar ƙofar da kogin ke shiga take ɗauke da sunanta. Tun kafin Musulunci ya kafu a yankin kuma, Oromawa masu bautar Waaqa, Ubangijin sama a addininsu na gargajiya, suna girmama kogon, kamar yadda suke girmama manyan itatuwa da maɓuɓɓugai da tsaunuka. Alamun wannan tsohon girmamawa ba su gushe ba: ƙyallaye da igiyoyin fata da duwatsun ado da ake ɗaurawa a jikin dutse, da akuyar da akan yanka a bakin kogon. Al'adu biyu sun haɗu a wuri guda, sun daɗe suna zaune tare, har ya zama da wuya a ce ga inda wannan ta tsaya waccan ta fara.

Idan kun tashi rubutawa, ina roƙon kada a tura ma'aikaci ɗaya da takardar tambayoyi ya kwana biyu ya dawo da labari guda da aka tace. Ruwaya irin wannan takan bambanta daga baki zuwa baki, kuma bambancin shi kansa tarihi ne. A ɗauki muryar kowa a rikoda, da Oromanci, a rubuta yadda ya faɗa, a ajiye har da ruwayoyin da suka saɓa wa juna. A zauna da mata daban, mata su yi musu tambaya, tunda ƙofar kogon sunan mace take ɗauke da shi, kuma na tabbata akwai abin da tsofaffin mata za su faɗa wa 'yan'uwansu mata wanda ba za su faɗa a gaban maza ba. A shiga kogon tare da dattawan da ƙafarsu ke iya kai su, da taswirar 1972 a hannu, duk inda suka kira suna a sa shi a gurbinsa. Jami'ar Madda Walabu tana nan Robe, ɗalibanta 'ya'yan yankin ne, harshen nasu ne. Wannan aiki ba zai ci kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Idan an gama, allunan da za a kafa su fara da sunan gida, na Turanci ya biyo baya.

Dalilin gaggawar shi ne na san abin da ke faruwa da labari idan baƙi masu kuɗi suka fara yawa. Ɗan jagora mutum ne mai neman abinci, abin da ya ga yana sa baƙo murmushi shi zai riƙa maimaitawa. A kogunan Amboni da ke kusa da Tanga a Tanzaniya, waɗanda su ma na farar ƙasa ne kuma mutanen yankin ke kai wa iskokin kakanni baiko a cikinsu, abin da ake nuna wa baƙo yau ya haɗa da dutsen da aka ce ya yi kama da taswirar Afirka da wanda aka ce ya yi kama da gunkin 'yanci na birnin New York. Babu laifi a ɗan nishaɗi. Amma idan aka shekara 20 ana faɗar wannan, yaron da ya taso a ƙauyen shi zai ɗauka a matsayin labarin wurin, na kakarsa kuwa ya bi ruwa.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba, tunda ni Musulmi ne kuma na fito daga ƙasar da ta san irin wannan saɓani ciki da waje. A Bale, kamar a ƙasar Hausa, an samu malamai da matasa masu ganin cewa ziyarar waliyyai da ɗaura ƙyalle a dutse da yanka a bakin kogo sun saɓa wa tauhidi, kuma wa'azinsu ya yi tasiri, masu ziyara sun ragu a kan yadda suke a da. Ni kaina ba na ɗaura ƙyalle a dutse, ba na roƙon kowa sai Allah. Amma rubuta abin da mutane suka yi imani da shi daban, yin imani da shi daban. Malamanmu na farko sun rubuta waƙoƙin Jahiliyya da sunayen gumakan Larabawa da al'adunsu, ba don su bauta musu ba, sai don na baya su san inda aka fito. Alƙur'ani da kansa ya adana mana labarin samarin da suka fake a kogo, muna karanta shi kowace Juma'a, kuma kogon Hira da na Sauru suna cikin tarihin da kowane yaro ya haddace. Muhawara kan abin da ya halatta da abin da bai halatta ba ta malamai ce, a yi ta da hujja da ladabi a masallaci da makaranta. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ta koma ta guduma. Mun ga yadda aka rushe hubbaren waliyyan Timbuktu a 2012, har kotun duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara a 2016. Haƙƙin hukuma ne ta tsare wurin da masu zuwa cikinsa, mai ziyara ya yi ziyararsa lafiya, mai wa'azi ya yi wa'azinsa lafiya. Haka nan kada a wayi gari talakan da ya taka ƙafa daga nesa don ziyara an tsayar da shi a ƙofa ana neman kuɗin tikiti irin na Bature. Wurin ibadarsa ne tun kafin a san kalmar yawon buɗe ido. A ware ranaku da sassa na masu ziyara, a sanar da baƙi cewa akwai inda ake cire takalmi, akwai inda ba a ɗaukar hoto sai da izini.

Sai batun fitilu. Na fahimci sha'awar a haska zauren ginshiƙan nan, kowa zai so ya gan shi tar. Amma kogo ya ginu ne a kan duhu, duk abin da ke rayuwa a cikinsa da duhu ya saba. Inda aka kafa fitila mai ci dare da rana, gansakuka da koren tsiro sukan fito a jikin dutsen, su ɓata launinsa, saiwoyinsu su riƙa cinsa. Faransa ta buɗe kogon Lascaux, mai zanen mutanen zamanin da a bangonsa, ga jama'a a 1948, a 1963 dole ta rufe shi, saboda haske da numfashin baƙi sun fara lalata zanen da ya shekara dubbai lafiya. Sof Umar ya fi shi girma da iska nesa, amma darasin ɗaya ne. A yi amfani da fitilu marasa zafi, masu kunnuwa idan an iso su mutu idan an wuce, a kan hanya guda da aka zaɓa, sauran kilomitocin a bar su yadda Allah ya yi su. A cikin lungunan nan akwai jemagu masu manyan kunnuwa na jinsin Otomops, waɗanda wuraren da aka san suna taruwa a duniya kaɗan ne ƙwarai, kuma hayaniya da haske kan sa su watse su bar 'ya'yansu. Ƙwari suke ci, manomin da ke kewaye yana cin moriyarsu ko bai sani ba. A wajen kogon kuma, cikin ƙayoyin kwarin, akwai ɗan tsuntsun nan da ake kira da sunan Salvadori, wanda ba a samunsa a ko'ina sai Habasha, masu kallon tsuntsaye suna tasowa daga Turai saboda shi kaɗai. Idan aka share dajin bakin kwarin don filin ajiye motoci, an kori abin da ke kawo su.

Ruwan kuwa shi ne mai gidan, da shi za a fara shawara. Ratsa kogon daga Ayyo Makko zuwa Holuka sai an tsallaka kogin sau da dama, kuma da rani kaɗai ake yi. Haɗarin shi ne ruwan da zai cika kogon ba a ƙauyen yake sauka ba. Yana iya zuba a kan tsaunuka can nesa, sama tana garau a Sof Umar, bayan sa'o'i ya iso. Duniya ba ta manta da yara 12 da kocinsu da ambaliya ta rufe a kogon Tham Luang na Tailan a 2018 ba, aka fi mako biyu kafin a fito da su, mai ninƙaya Saman Kunan ya rasa ransa a wajen ceton. A kafa ma'aunin ruwa a saman kogin, da waya ko rediyon da zai sanar da masu tsaron ƙofa. Amma kada na'ura ta sa a raina ilimin mutanen wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya tashi a bakin Weyib yana gane tasowar ruwa daga launinsa da ƙararsa da irin tarkacen da yake ɗaukowa, kuma idan irin wannan mutum ya ce yau ba a shiga, to maganarsa ta zama doka ko da wane babban baƙo ne ya zo. Duk matakala ko gadar da za a sa a ciki, a yi ta yadda za a iya cire ta, domin kankare da aka kafe a hanyar ambaliya ko dai ruwa ya tafi da shi ko ya karkatar da ruwan ya ci gindin wani ginshiƙi. Masai da ruwan wankin masaukin baƙi kuma a nisanta su daga saman kogon. Ƙasar farar ƙasa ba ta tace ƙazanta, ta tsagogi take zurarawa kai tsaye cikin kogin da mutane da dabbobi ke sha a ƙasa.

Na ga Sof Umar yana cikin jerin wuraren da Habasha ta miƙa wa UNESCO don jiran tantancewa tun 2011, tare da Dirre Shehu Husaini. Ina yi muku fatan nasara. Amma ku karɓi wannan daga wanda abin ya shafa: shiga jerin jira ba ya tsare komai. Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara 900 da suka wuce, tana cikin irin wannan jeri tun 2007, ita da dutsen Dala. Duk wanda ya san Kano ya san abin da ya rage na ganuwar yau. An yanka ta an yi filaye da shaguna, an ɗebi ƙasarta an yi bulo, muna ji muna gani, sunanta kuma yana nan a takarda. Abin da ya ci ta shi ne maƙwabtanta ba su ga abin da tsayuwarta ke ƙara musu ba, ba a kuma taɓa ba su amanarta a hannu ba. Ba na so mutanen Bale su ɗanɗana wannan baƙin cikin. Idan kuɗin ƙofa yana komawa ga makarantar ƙauyen da rijiyarsa a fili kowa yana gani, idan 'yan jagora 'ya'yan wurin ne da aka horar aka ba takardar shaida, idan masu hidimar da suka gaji wurin suna da kujera da ƙuri'a a kwamitin gudanarwa, to kun samu masu gadin da ba sa tashi daga aiki.

Daga ɓangarenmu, akwai abin da za mu iya. Jami'o'inmu na Sakkwato da Zariya da Kano da Maiduguri suna koyar da ilimin duwatsu, ɗalibanmu suna karanta yadda ruwa ke sassaƙa dutsen farar ƙasa a littafi, suna zana shi a jarrabawa, akasarinsu ba su taɓa tsayawa a cikin irin wannan kogo ba. Yarjejeniyar musayar ɗalibai da Madda Walabu abu ne mai yiwuwa, tunda jirgi yana tashi daga Kano zuwa Adis Ababa, wani kuma daga can zuwa Robe. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano da ke kai mutane Umra za su iya ƙara kwana biyu ko uku a Bale ga mai sha'awa, idan akwai bayani da Hausa da Larabci da tabbacin tsaro a hanya. Ni da wasu abokan aikina a shirye muke mu fassara duk abin da kuka tattara daga bakin dattawan zuwa Hausa ba tare da an biya mu ba.

Abin da nake nema daga gare ku a yanzu shi ne ku wallafa tsarin gudanar da kogon a fili, da Oromanci da Amharanci da Turanci, kafin a ci gaba da wani gini a cikinsa ko a samansa, a ga inda fitila za ta tsaya, inda masai zai zuba, da sunayen kujerun da aka ware wa mutanen ƙauyen. Aikin ɗaukar muryoyin dattawa kuma a fara shi a ranin nan mai zuwa, lokacin da ruwa ya janye har za a iya shiga da su ciki.

Allah ya taimake ku, ya ba ƙasarku zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin ilimin duwatsu,
Sakkwato, Najeriya.